Tsawon tirela da aksul mai juyawa: wa zai ci ribarsu a Maraɗi?

Cikin zafin watan Afrilu, wata rana da azahar, na tsaya a bakin wani sito a nan Maraɗi ina jiran hanya ta buɗe. Tirelar shinkafa ce take neman shiga, layin ga shi matsattse, masu babura sun taru suna ta danna oda. Yaron mota yana ƙasa yana dukan bodi da tafin hannu: "Taho, maigida, taho! Yanke duka! Tsaya, tsaya!" Direba ya yi gaba, ya yi baya, har sau biyar. Ni kuwa idona yana kan tayoyin baya. Layi uku ne a jere, amma na tsakiya kaɗai ke birgima yadda ya kamata. Na gaba da na baya jan su ake yi a kaikaice, roba tana murɗewa kamar za ta saɓule daga ƙarfenta, tana kuka, tana kankare kwaltar da rana ta riga ta tausasa. Da motar ta shige sai ta bar baƙin zane mai lanƙwasa a ƙasa, tsakuwar kwalta ta taru a gefe kamar an bi da tsintsiya.

Wani dattijo da ke zaune a kan benci, tsohon direba ne ashe, ya lura da inda nake kallo. Na ce, "Baba, kullum haka ake fama?" Ya ce, "Haka ne, ɗana. Kwana ke cin taya fiye da miƙaƙƙiyar hanya. Kuma kuɗin tayar nan yana cikin buhun da za ka saya."

Abin da dattijon ya faɗa a taƙaice, injiniyoyin Turai da Ostireliya da Afirka ta Kudu sun shafe shekaru a kansa: yaya za a ƙara wa tirela tsawo ta kwashi kaya da yawa a tafiya guda, ba tare da kwana ta gagare ta ba? Inda suka tsaya shi ne aksul mai juyawa. Aksul dai shi ne sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da na dama, kuma dabarar ita ce a sa na bayan tirela su ma su riƙa karkata suna bin kwana, kamar yadda sitiyari ke karkata na gaba. Garin da cinikinsa kaf a kan taya yake, babu teku, babu jirgin ƙasa, dole ya saurari wannan magana da kunnen basira. Sai dai a tauna kafin a haɗiye, domin kayanmu da hanyoyinmu da yadda muke lodi sun sha bamban da nasu.

Duk wanda ya taɓa fitar da doguwar azara daga gida ta cikin lungu ya san matsalar. In na gaba bai buɗe sosai ba kafin ya karya kwana, tsakiyar azarar sai ta daki kusurwar katanga. Tirela ma haka take. Kan mota yana bin hanyarsa, amma tayoyin baya ba sa taka sawunsa, yanke suke yi ta ciki. Yawan yankewar kuma ya dogara ga tazarar da ke tsakanin ƙusar da ta haɗa tirela da kai, da tsakiyar tayoyin baya. A tirelar Turai da muka saba gani, mai mita 13.6, tazarar nan kusan mita 8 ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, yankewa ta fi ƙarin tazara saurin hawa, domin lissafinta tazara sau tazara ne. Takwas sau takwas 64, goma sau goma 100. Ƙarin mita biyu kacal ya ƙara wa yankewa fiye da rabi. Shi ya sa motar da aka ja wa tsawo take hawa dakalin shataletale, take fasa murfin lambatu, take goge turken lantarkin da ya shekara ashirin a wurinsa babu abin da ya taɓa shi.

Turawa sun mayar da wannan abu jarrabawa. Dokar Tarayyar Turai ta 1996 ta tsayar da tsawon kai da tirela a mita 16.5, ta kuma ce dole mota ta iya zagayawa cikin wani zobe: daga tsakiyarsa zuwa bakin waje mita 12.5, zuwa bakin ciki mita 5.3. Kada hanci ya leƙa waje, kada tayar baya ta taka ciki. Tirela mai mita 13.6 da ƙyar take tsallake wannan siraɗi, a nan tsawo ya tsaya cak shekara da shekaru. Dokar UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, mai lamba 14, ta watan Disamban 2005, wadda ta hau kan Nijar har yau, awon da ta ɗauka kusan irin wannan ne: tsawo mita 16.5, faɗi mita 2.55, tsayi mita 4.

Aksul mai juyawa shi ya buɗe ƙofar da ta rufe. Mafi sauƙinsa shi ne wanda ke juya kansa. Dubi ƙafar gadon asibiti: ƙusar da take juyawa a kai tana gaba da inda tayar ke taɓa ƙasa, don haka duk inda aka ja gadon sai ta bi. Haka ake yi wa aksul na ƙarshe. Babu abin da ya haɗa shi da hannun direba. Ƙasa ce ke tura shi ya karkata in an shiga kwana, in an miƙe ya dawo daidai. Da zarar ya daina turjiya, tirelar sai ta riƙa juyawa a kan biyun da suka rage, madogararta ta matso gaba ke nan. Ta zama gajera a wurin kwana, doguwa a wurin kaya, kuma murɗewar robar nan da na gani ta ragu ƙwarai. Rauninsa ribas ne. In aka ja da baya yana sake, sai ya karkace inda ya ga dama, don haka ake sa masa makullin iska da ke ɗaure shi a miƙe da zarar an shiga giyar baya. A ƙofar siton nan, inda rabin wahalar ta ribas ce, taimakonsa ma rabi ne.

Sai wanda ake tilasta wa juyawa. Kusurwar da kai ya yi da tirela ita ake ɗauka daga farantin haɗi, a aika ta baya ta sandunan ƙarfe ko ta bututun mai, ta juya aksul ɗaya ko biyu ko dukkansu. Wannan gaba da baya duk yana aiki, shi ne a ƙarƙashin dogayen motocin da ke ɗaukar manyan injina. Akwai kuma na kwamfuta, wanda na'ura ke auna kusurwa da gudu ta juya tayoyin gwargwadon buƙata. A jami'ar Kambirij ta Ingila an daɗe ana bincike a kan irinsa, har ta kai wutsiyar tirela tana taka sawun kai. Kamfanoni irin su BPW da SAF-Holland da Tridec da VSE suna ƙera ire-iren waɗannan. Tsada da nauyi da wahalar gyara suna hawa ne daga na farko zuwa na uku.

Wani abu da dillalan waɗannan motoci ba sa saurin faɗa shi ne marin wutsiya. In madogara ta matso gaba, abin da ya rage a bayanta ya ƙara tsawo, kuma wannan ragowar sharɓe take yi ta ɗaya ɓangaren. Mota ta karya dama, wutsiya ta kai mari hagu, a daidai lokacin da hankalin direba ke cikin kwana, madubinsa na hagu kuma ba ya nuna masa ƙarshen motar. A garin da ɗan kabu-kabu ke kutsawa duk inda ya hango tazarar kamu ɗaya, mai awara ta kafa kaskonta a bakin kwalta, mai amalanke yana bin gefe da shanunsa, wannan magana ce ta rai. Direban da ya shekara talatin yana tsoron cikin kwana, sai an koya masa tsoron wajenta ma.

Birtaniya ta ɗauki abin a hankali, kuma labarinta ya fi kowanne amfani gare mu. A 2012 ta fara gwajin tirela mai kaiwa mita 15.65, ƙarin mita 2.05 a kan ta da, jimillar tsawo da kai mita 18.55. Tunda dole su wuce jarrabawar zoben nan, aksul mai juyawa ya zama tilas a kansu. Shekara 11 aka yi ana gwaji, kamfanonin da suka shiga suna kai rahoton tafiye-tafiyensu da haɗurransu, kafin a halatta su ga kowa a ƙarshen watan Mayun 2023. Katakon da ake jera kaya a kai, tsohuwar tirela tana ɗaukar 26, sabuwar 30. Abin da aka samu a dunƙule, cikin tafiya 12 an rage ɗaya. Amma nauyin da doka ta yarda da shi bai motsa ba: tan 44 da, tan 44 yanzu. Tunda kuma doguwar tirela da aksul ɗinta sun fi nauyi, abin da za ta iya ɗauka a sikeli ma raguwa ya yi kaɗan.

A nan ya kamata Alhajin da ke da motoci a Maraɗi ya ɗauko alƙalami. Doka mai lamba 14 ta ba mota mai aksul shida tan 51 gaba ɗaya. A ce kai da tirela babu kaya sun kai tan 17, saura 34. Buhun shinkafa mai kilo 50 guda 680 ke nan, ko buhun wake mai kilo 100 guda 340. Cikin tirela mai mita 13.6, in aka yi lodi iya tsayin da doka ta yarda, ya kai kamar kubik mita 90. Tan 34 na shinkafa wajen rabin wannan wuri zai ci. Siminti ko sulusi ba zai cika ba. Mai ɗaukar shinkafa, da simintin Malbaza, da takin zamani, da wake da aya da gyaɗar da ake tarawa daga Cadawa da Agye da Tasawa, sikeli ke tsayar da shi tun wuri bai ƙare ba. Ka ƙara masa mita biyu, ka ƙara masa iska da ƙarfen da zai ja a banza. In kuwa ya cika mita biyun da buhuna, ya fita daga doka ya shiga wani babi, za mu zo kansa.

Akwai dai masu cin riba, kuma ba kaɗan ba ne. Ka tsaya a hanyar Ɗan Isa da yamma ka ga abin da ke shigowa daga Kano ta Katsina da Jibiya: robobi, bokitai, kujerun roba, kwalayen biskit da taliya, tabarmi, takalma. Ka haɗa da katifa da auduga da dusa da harawa. Waɗannan wuri ke ƙare musu, sikeli bai ma san sun hau ba. Da yake tsawo ya ƙare, sama ake bi. Kowa ya taɓa ganin motar da aka tula wa kaya har ta fi ɗakin bene, an ɗaure da igiya da raga, tana tafe tana rangaji, yaron mota a can ƙoli da sanda yana ɗaga wayoyin lantarki. Irin wannan mota ramin da zai girgiza wata ita kifar da ita yake yi, domin nauyinta ya hau sama. In da za a kwantar da wannan tulin a shimfiɗa shi a kan ƙarin mita biyu, an sami lafiya tun ba a zo maganar riba ba. Haka masu shanu da ke lodi daga kasuwannin Dakwaro da Mayahi zuwa Nijeriya: abin da suke saye shi ne filin tsayuwar dabba, kuma cunkoso ke sa saniya ta faɗi a tattake ta kafin a isa. Ga waɗannan ina goyon bayan tsawo ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Babin da na ce za mu zo kansa shi ne obalodi. Tsakanin 1956 da 1960 Amurkawa sun shimfiɗa hanyoyin gwaji a garin Ottawa na jihar Ilinoi, suka riƙa zagaya su da motoci masu nauyi iri-iri dare da rana har kwaltar ta mutu. Abin da ya fito daga nan shi ne ƙa'idar da masu gina hanya ke aiki da ita har gobe: ɓarnar da aksul ke yi wa hanya tana hawa kamar nauyinsa sau kansa har huɗu. Ka ninka nauyi biyu, ɓarna ta ninka 16. Doka mai lamba 14 ta ce aksul guda na baya mai taya ɗai-ɗai a kowane gefe kada ya wuce tan 11.5. In aka ɗora masa 15, ɓarnarsa ta kusa ninka uku. In aka kai shi 20, ta haura tara. Wucewar mota ɗaya ta zama wucewar tara. Ƙa'idar ƙiyasi ce, ƙasa da zafi da kaurin kwalta suna sauya ta, amma wanda ya bi hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi ya ga kwaruruka biyu da tayoyi suka haƙa a tsawon kwalta, inda ruwan damina ke kwanciya, bai buƙatar a rantse masa.

Tsawon da babu doka a kansa kuwa mun riga mun fara shi da kanmu. Na taɓa zama a wani gareji a bayan gari ina kallon aikin. An yanke shasin tirela biyu da wutar walda, an jawo rabin baya an tokare da duwatsu da kututture, an kawo guntun ƙarfen wata matacciyar mota an saka a tsakani. Mai walda ya tsuguna, baƙin gilashi a hannu ɗaya, yana ɗinke mahaɗin, ya kawo faranti ya lulluɓe ya sake bi. Yaransa suna can suna ƙara ganyen sifirin, wanda yake takwas ya koma goma sha biyu. Gwanintar hannun mutumin ta burge ni ƙwarai, kuma da irinsa ƙasar nan ke tafiya. Amma babu wanda ya lissafa inda nauyi zai sauka bayan an gama, babu wanda ya taɓa birki, wanda aka ƙera don nauyin da. Mai motar ma ba azzalumi ba ne. Kuɗin dako ya faɗi saboda kowa yana obalodi, wanda ya tsaya a tan 34 ba zai fitar da kuɗin gazuwal da na hanya ba, sai shi ma ya bi sahu. Kowa ya cuci kowa, hanya ta biya, sannan ta rama a kan sifirin da taya da shasin kowa.

To, a irin wannan kasuwa, in aka halatta tsawo aka bar sikeli yana barci, sakamakon a bayyane yake. Mita biyun da Bature ya cika da kwalin burodi, mu da buhun siminti za a cika su.

Sai dai ƙa'idar nan ta sau huɗu tana da wata fuska mai daɗi, kuma a ganina nan ne ainihin amfanin aksul mai juyawa ga masu kaya masu nauyi. Ɗauki tan 30 a bayan tirela. Ka raba wa aksul biyu, kowanne 15. Ka raba wa uku, kowanne 10: ɓarna ta sauka ƙasa da sulusin ta farko. Ka raba wa huɗu, kowanne 7.5: ta sake sauka ƙasa da rabin ta ukun. Kaya ɗaya, hanya ɗaya, ƙafafu kawai aka ƙara. Abin da ke hana a jera aksul huɗu shi ne abin da na gani a ƙofar sito, domin in uku suna kankare kwalta haka, huɗu sai abin da hali ya yi. Sa wa na ƙarshe juyawa, matsalar ta warware. Don haka a Ostireliya ake shar'anta cewa jerin aksul huɗu a bayan tirela sai da mai juyawa a ciki. Gada ma tana son haka: ita jimillar nauyin da ya taru a kanta lokaci guda ke damunta, nauyin da aka baje a kan tsawo ya fi mata sauƙi a kan wanda aka dunƙule wuri ɗaya.

Ƙasashen da suka yi nisa duk ta wannan hanya suka bi. Suwidin da Finlan sun daɗe da motoci masu mita 25.25 da tan 60, inda biyu ke yin aikin uku. Finlan ta kai tan 76 a 2013, ta kai mita 34.5 a 2019. Ostireliya, mai jerin tirelolin da ke kaiwa mita 53.5 a hanyoyin daji, ta shigo da wani tsari a 2007 wanda ya sauya tambayar. Maimakon a tsaya ga tsawon mota da tef, sai a auna halinta: faɗin hanyar da take ci a kwana, nisan marin wutsiyarta, karkatar da za ta jure kafin ta kife, yadda take tashi a kan tudu. Wadda ta ci jarrabawa a ba ta izini a kan hanyoyin da suka dace da ita kaɗai. Afirka ta Kudu ta ari tsarin a wajajen wannan shekara, ta fara da masu dakon katako, a ƙasar da iyakar kowa ita ce mita 22 da tan 56. Wanda ke son ya wuce nan sai ya yarda a riƙa bibiyar lodinsa da gudun motarsa da lafiyarta. Wannan ciniki ne mai ma'ana, kuma shi nake ganin ya dace da mu: a ba ka ƙari, kai kuma ka buɗe littafinka. Mai motar da ya ga cewa bin doka zai ba shi tan ɗin da maƙwabcinsa ke samu ta ɓarauniyar hanya, ba tare da tara da fashewar taya ba, shi da kansa zai nemi sikeli.

Kada kuma a manta da bakanike. Tirelolin Turai na hannu da ke shigo mana, wasunsu da aksul mai juya kansa suke zuwa, da balan-balan na iska a madadin sifirin. Aksul ɗin yana da ƙusoshi da bushi da ke son giris a kan kari, ga ƙurar hunturu, ga yashin da ke shiga ko'ina, ga hanyar jar ƙasa mai kwarkwaɗa in an sauka daga kwalta. In bushi ya ci, taya sai ta fara rawa a kan gudu, ta cinye gefe ɗaya cikin 'yan makonni. Maganin da ya fi kusa da hannu shi ne a miƙar da shi a bi da walda, a huta. Daga ranar an koma gidan jiya, sai ma abin da ya ƙaru, domin tirelar doguwa ce kuma ba ta juyawa. Haka aksul ɗin da ake ɗagawa: an yi shi ne don a ɗaga in mota ba kaya a tsimi taya, amma in aka ɗaga shi da lodi, nauyinsa ya koma kan 'yan'uwansa. Wanda zai kawo irin waɗannan motoci Maraɗi, ya kawo su da kayan gyaransu, ya kuma ɗauki nauyin koyar da bakanike biyu ko uku. Saboda wannan dalili ne ma na fi karkata ga mai juya kansa da mai sandunan ƙarfe, waɗanda ido ke gani hannu ke taɓawa, a kan na kwamfuta wanda waya ɗaya in ta tsinke a tsakanin Doso da Dogon Dutsi sai an jira wani daga Yamai.

Duk wannan lissafi na tan da mita yana da abokin da ya fi shi ƙarfi, wato kwanaki. Ribar mota tana cikin yawan zuwa da dawowarta a wata. Daga Kwatano zuwa Maraɗi ta Malanbil da Gaya ya haura kilomita 1,300. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, tafiyar da ta wuce kilomita 2,000, ga jiran ayari da rakiyar soja. Kafin nan ma mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, motoci suka yi ta tsatsa a Ɗan Isa da Jibiya. Motar da ke kwana goma a tsaye tana jiran takarda, rage mata tafiya ɗaya cikin 12 ba zai fitar da ita ba. Haka wadda ke zuwa da kaya ta koma wayam. Aksul mai juyawa ya fi tsada, tsadarsa kuma gudu ke biyan ta, don haka ya fi dacewa da hanyar da mota ke juyawa da sauri: Kano zuwa Maraɗi, wadda ba ta kai kilomita 300 ba, ko Maraɗi zuwa Damagaram, ko kilomita 660 ɗin da ke tsakaninmu da Yamai a kan babbar hanya mai lamba ɗaya.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ƙara wa wannan magana nauyi ranar da ya iso. Jirgi zai ajiye kwantena a nan, mota ce za ta kai ta Tawa da Agadas da Damagaram da Difa. Tirelar yau tana ɗaukar babbar kwantena ɗaya mai ƙafa 40, ko ƙanana biyu masu ƙafa 20. Haɗin mita 25.25 yana ɗaukar babba da ƙarama tare. Kwantena kuma tana da wani alheri: nauyinta a rubuce yake, a rufe take da hatimi, babu mai ƙara mata buhu hamsin a hanya.

Irin waɗannan dogayen motoci ba na cikin gari ba ne, ko da kowace taya tasu tana juyawa. Bayan ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a bakin gulbi, an sake shata Maraɗi a kan tudu da manyan layuka miƙaƙƙu, amma rumfuna da tebura da shaguna sun cinye faɗin, sitoci kuma sun kutsa cikin unguwanni. Wurin doguwar mota shi ne fili a bakin gari, kusa da kwalta, mai sikeli a ƙofar shiga da ta fita, inda za ta sauke ƙananan motoci su rarraba. Tsakanin wannan fili da hanyar Ɗan Isa da babbar hanya mai lamba ɗaya, kwanonin da mota za ta karya ba su da yawa. Aikin 'yan kwanaki ne ma'aikatan hanya su fita da tef da fenti, su zana zoben mita 12.5 a kowace kwana, su ƙara tazarar marin wutsiya, su kafa turaku tun filayen gefen ba su zama shaguna ba.